Daga Marisuwa Zuwa Korona: Tarihin Tsinken Da Ake Sa Mana A Hanci

 

Yau ina so mu ɗan waiwaya baya a kan wani ƙaramin abu da yawancinmu muka fara gani a shekarar 2020, wato ɗan siririn tsinken nan mai kama da auduga a kai da ma'aikatan lafiya ke zura wa mutum a hanci su ɗebi majina domin gwaji. Tun farko in faɗa wa mai karatu cewa ni ba likita ba ne. Sakandare na gama, kuma sana'ar mahaifina nake taya shi, wato sarin doya a hannun manoman Gwari na wannan yanki mu yi lodi zuwa Kano, mu dawo da wake da gero daga kasuwar Dawanau. Abin da ya faru a gidanmu ne ya sa na yi ta karance-karance a kan wannan tsinke, har na gane cewa tarihinsa ya fi shekara ɗari, kuma mu 'yan kasuwa muna cikin tarihin dumu-dumu.

Abin da ya faru a gidanmu

A watan Afrilu na 2020, ina aji shida na sakandare an rufe makarantu muna zaune a gida, Baba ya dawo daga Kano kwanaki kaɗan kafin a kulle garin. Ana shiga azumi sai ya kwanta. Zazzaɓi, tari busasshe, ciwon jiki, ga shi ya ce ko ƙanshin miya ba ya ji. Aka sayo maganin maleriya a kemis, ya shanye, babu sauƙi. Aka sake wani, aka haɗa da kafso, shiru. Ni da nake jin labarai a rediyo na ce ko za a kira lambar nan ta hukuma su zo su gwada shi. Baffana, yayan Baba, wanda kullum yana zaune a gefen tabarmarsa yana yi masa fifita, ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ba a kai maganar gida waje. So kake a zo da mota a ɗauke ubanka, gobe a ce Hausawa ne suka kawo wa gari cuta daga Kano? Wa zai ƙara sayar mana da doya?" Na yi shiru, domin dattawan da ke wurin duk sun goyi bayansa, kuma ni ma a raina na ga akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

Baba ya warke bayan kusan mako uku. Baffa kuwa, mai fama da ciwon suga, ya kwanta da irin wannan tarin kafin Sallah, numfashi ya riƙa yi masa wuya, cikin kwana shida ya cika. Allah ya jiƙansa. Har yau in an tambayi abin da ya same shi, sai a ce gajeriyar rashin lafiya. Wannan amsa ce ta hana ni sukuni, ta sa na fara tambayar kaina: tun yaushe muke binne mutanenmu ba tare da an kira sunan abin da ya kwantar da su ba?

Shekarar Marisuwa

Kakata ta wajen uba takan ce ta ji daga bakin mahaifiyarta cewa an yi wata shekara a ƙasar Kano da ake kira shekarar Marisuwa, wadda a cikinta gida guda sai a fitar da gawa uku a yini, har aka rasa masu yanke gero a gona. Da na girma na gane cewa wannan ita ce babbar annobar mura ta 1918, wadda ta zo a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, ta kashe mutane kimanin miliyan 50 a duniya, wato fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci.

Hanyar da ta bi ta iso mana abin lura ce. A watan Agusta na 1918 ta sauka a Firitawun ta ƙasar Saliyo ta jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Ranar 14 ga Satumba wani jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Legas ɗauke da marasa lafiya. Daga Legas kuma sai ta hau jirgin ƙasa. Layin dogo bai daɗe da isa Kano ba, domin a 1911 ne aka kai shi, kuma Minna ta nan kusa da mu ita ce mahaɗar layin Baro da na Legas. Inda jirgi ya tsaya, sai fatake da 'yan ƙwadago da sojojin da aka sallama su ɗauke ta a ƙirjinsu, su shiga da ita kasuwannin ƙauye a ƙafa da kan jaki. Kafin shekarar ta ƙare ta game Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum kimanin 500,000 a Nijeriya, alhali jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba a wancan zamani. A lokacin Suleja tana amsa sunanta na asali, wato Abuja.

Abin mamaki shi ne, su kansu likitocin Turai ba su san abin da ke kashe mutanen ba. Tun 1892 wani Bajamushe mai suna Richard Pfeiffer ya ga wata ƙwayar bakteriya a majinar masu mura, aka ɗauka ita ce sanadi, ashe kuskure ne. Ainihin mai laifin ya yi ƙanƙantar da madubin likita na wancan zamani ba ya iya ganinsa. Don haka Baturen mulki da dagaci duk abu ɗaya suka iya yi, wato ƙirga kaburbura bayan cuta ta wuce.

Yadda aka kama ɓarawon a hanci

Sai a 1933 ne wasu masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka sa masu mura suka kurkure maƙogwaro, suka tace ruwan, suka ɗiga shi a hancin wata 'yar dabba mai kama da tunku da Turawa ke kiwo. Bayan 'yan kwanaki dabbar ta fara atishawa da yoyon hanci. Ta haka aka tabbatar cewa bairos ne ke kawo mura, kuma mazauninsa shi ne fatar cikin hanci da bayan maƙogwaro. A nan yake shiga ƙwayoyin halittar jiki ya hayayyafa, daga nan kuma yake fita cikin tari da atishawa ya kama na kusa. Wannan shi ne dalilin da ya sa gwajin jinin yatsa da ake yi mana na maleriya ba zai taɓa nuna mura ko korona ba, komai yawan sa. Wanda ke neman kifi ai rafi yake zuwa.

Daga baya aka lura cewa bairos ɗin mura yana sauya kama kusan kowace shekara, ta yadda rigakafin bara ba lallai ya yi aiki sosai bana ba. Saboda haka a 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wani tsari na haɗin gwiwar ɗakunan gwaje-gwaje na ƙasashe, kowace ƙasa ta riƙa ɗibar samfur daga hancin masu mura tana duba irin wanda ke yawo. Da wannan bayani ne ake zama sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, a zaɓi nau'in da za a haɗa allurar rigakafi da shi. Tsarin ya ga annobar 1957 da ta faro daga Asiya, ya ga ta 1968 da ake kira ta Hong Kong. Ko a shekarar da babu annoba, hukumar ta ƙiyasta cewa murar yau da kullum tana kashe tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya, yawancinsu tsofaffi da ƙananan yara da masu wata cuta a jiki kamar suga ko asma.

A da sai an shuka bairos ɗin a cikin ƙwan kaza an jira kwanaki kafin a gane shi. A 1983 wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya ƙirƙiro dabarar da ake kira PCR, wadda ta ba shi lambar yabo ta Nobel a 1993. A taƙaice, na'urar tana ɗaukar ɗan guntun asalin halittar bairos ɗin ta yi ta kwafinsa, ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu, har sau talatin ko arba'in, sai ya yi yawan da za a iya gano shi cikin 'yan sa'o'i. Amma duk ƙarfin na'urar, in samfurin bai yi kyau ba, aikin banza ne. Dole a ɗebe shi a kwanaki uku ko huɗu na farkon ciwo, lokacin da bairos ya fi yawa a hanci. Kan tsinken ba audugar gona ba ce, zaren roba ne, sandarsa ma roba ce, domin katako da auduga suna iya ɓata gwajin. Ana karya shi a cikin 'yar kwalba mai ruwa, a sa a sanyi irin na firij, a kai ɗakin gwaji cikin kwana uku, in kuwa zai wuce haka sai an daskarar da shi a sanyi mai tsanani. Mai karatu da ya san halin wutar lantarkinmu da hanyar Suleja zuwa Minna zai gane cewa wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Kaji ne suka fara buɗe mana ido

A Nijeriya ba mutane aka fara bi da tsinken nan gadan-gadan ba, kaji ne. Ranar 8 ga Fabrairu 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gonar kaji a Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, inda kaji kimanin 40,000 suka mutu. Wannan ne karo na farko da aka ga cutar a duk nahiyar Afirka. Likitocin dabbobi na cibiyar Vom kusa da Jos suka ɗebi samfur, amma sai da aka aika Padova ta ƙasar Italiya kafin a samu tabbaci. Cikin makonni kaɗan ta bayyana a Kano da wasu jihohi, ta kuma tsallaka Magarya a Jamhuriyar Nijar. Gwamnati ta ce za ta biya Naira 250 a kan kowace kaza da aka kashe, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba, don haka masu kaji da yawa suka gwammace su yi sauri su sayar kafin jami'ai su zo. Inna ta ce ba ta taɓa ganin kaza ta yi araha a kasuwa irin na wannan shekarar ba. Ni a lokacin ban fi shekara huɗu ba.

A watan Janairu na 2007 wata matashiya 'yar shekara 22 ta rasu a Legas, gwaji ya nuna murar tsuntsaye ce. Wannan ya sa hukumomi suka farga cewa babu wanda ke duba irin murar da ke yawo a hancin 'yan Nijeriya. A 2008 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da taimakon cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta fara sa ido a kan mura a asibitoci huɗu: asibitin Asokoro a Abuja, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, asibitin koyarwa na Nnewi a jihar Anambra, da na jami'ar jihar Legas da ke Ikeja. Wanda ya zo da zazzaɓi da tari sai a nemi yardarsa a ɗebi samfur a aika Abuja. Daga Afrilu 2009 zuwa Agusta 2010 an gwada samfur 2,803, aka samu mura a 217. Sakamakon ya nuna cewa sabuwar murar H1N1 ta 2009, wadda ake kira murar aladu, ta mamaye ƙasar tun daga Nuwamba, kuma abin ya fi ƙamari a Fabrairu 2010, inda kusan 19 cikin kowane samfur 100 suka nuna mura. Wato dai tarin hunturu da muke ɗora wa ƙura da sanyi, wani ɓangarensa cuta ce mai suna wadda ake ɗauka daga mutum zuwa mutum.

Bayan kaji, sai raƙuma. A 2012 aka gano wata cutar numfashi mai suna MERS a Jidda, wadda ke kashe kusan mutum ɗaya cikin uku da aka tabbatar sun kamu, kuma aka gane cewa raƙuma ne ke ɗauke da ita. A Janairu 2015 masana daga Hong Kong da takwarorinsu na Nijeriya suka je mayankar Kano suka ɗebi samfur daga hancin raƙuma 132, suka samu bairos ɗin a 14, kuma jinin kusan dukkansu ya nuna sun taɓa kamuwa. Har zuwa lokacin ba a samu rahoton wani mutum ya kwanta da cutar a Nijeriya ba, amma ga al'ummar da ke cin naman raƙumi, take kuma tura dubban alhazai Saudiyya kowace shekara, wannan sani ne mai amfani, kuma ta hanci aka same shi.

Kano, Afrilu 2020

Duk wannan aiki yana gudana ne a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji, mu talakawa ba mu da labari. Sai da korona ta zo. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Legas, wani ɗan Italiya. A lokacin ɗakunan gwaji ƙalilan ne kacal a ƙasar za su iya gano cutar, a ƙarƙashin hukumar NCDC wadda dokar kafa ta ma sai a Nuwamba 2018 aka sa wa hannu. Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu. Kafin watan ya ƙare masu haƙar kabari suka fara kuka cewa gawa ta yi musu yawa, manyan malamai da dattawan gari suna ta tafiya a jere, ga shi ɗakin gwaji ɗaya tilo da ke birnin an dakatar da aikinsa na wasu kwanaki. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadi. Ta yaya aka kai ga wannan adadi? Ta bin gida-gida ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi jinya. Shekara 102 bayan Marisuwa, ga na'ura ga tsinke a duniya, amma a garin iyayenmu kaburbura aka sake ƙirgawa.

Tsoronmu yana da asali

Ba zan zargi Baffa ko dattawanmu da jahilci ba, domin wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya shafi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Shari'ar ta ja har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan Dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, har sai Yuli 2004 Kano ta dawo. Ga mu kuma mazauna ƙasar wasu akwai ƙarin tsoro. Duk da shekarun da muka yi muna zaman lafiya da cuɗanya da 'yan uwanmu Gwari, baƙo ya san cewa in abu ya lalace shi ake fara kallo, kuma ɗan kasuwa ya san cewa suna in ya ɓaci, ciniki ya tafi.

Sai dai in mun faɗi gaskiya, ɓoyewar ba ta kare kowa ba. Da an gwada Baba an ce ga abin da ke damunsa, da ba a bar dattijo mai ciwon suga ya zauna yana shaƙar tarinsa kwana da kwanaki ba, da kuma ba a kashe kuɗi a kan maganin maleriya da kafso waɗanda ba sa taɓa bairos ba. Tsinken ba magani ba ne, amma yana gaya wa gida wanda za a nisantar da wanda za a gaggauta kaiwa asibiti.

Abin ban takaici da ban dariya ya zo a 2022. A shekarar Saudiyya ta sake buɗe aikin Hajji ga baƙi, da sharaɗin maniyyaci bai kai shekara 65 ba, ya yi rigakafi, kuma an yi masa gwajin PCR cikin sa'o'i 72 kafin tashi. Baba yana cikin waɗanda Allah ya kira. Na raka shi wurin gwajin, na ga dattawa a layi har da biyu daga cikin waɗanda suka hana ni magana a ɗakinmu. Aka zura masa tsinken, idonsa ya kawo ruwa, ya yi atishawa sau biyu, shi ke nan an gama. Da muka fito ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce, "Ashe abin da muka guda ke nan? Allah ya jiƙan Yaya." Na ce, "Amin, Baba."

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma mura da danginta ba su je ko'ina ba, kuma tarihi ya nuna cewa sabuwa takan ɓullo: 1918, 1957, 1968, 2009, 2020. Duk lokacin da ta zo, hanyar kasuwa take bi. Jiya jirgin ƙasa ne da jaki, yau tirela ce da bas. Mu da muke zaune a bakin gadar Gurara, muke kwana Izom mu wayi gari Dawanau, muna cikin waɗanda za su fara haɗuwa da ita, kuma muna cikin waɗanda za su kai ta gida wurin tsofaffinmu.

Shawarata ga Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da na tasha da limamanmu ita ce, tun yanzu da babu tashin hankali a zauna da ma'aikatan lafiya na yankin nan da shugabannin masu masaukinmu, a yi magana a fahimci juna, a amince cewa wanda ya fito aka gwada shi ba za a tsangwame shi ko kasuwarsa ba. Idan an zo ɗibar samfur muna da haƙƙin mu tambayi daga ina aka turo mutum, ina za a kai samfurin, yaushe za a kawo sakamako, a kuma buɗe sabon tsinke a gabanmu. Su ma hukumomi su sani cewa wanda aka ɗebi majinarsa aka tafi ba a dawo masa da amsa ba, gobe ba zai tsaya ba. Sannan a gidajenmu, wanda ya dawo daga tafiya da zazzaɓi da tari, a raba masa ɗaki da tsofaffi da jarirai, in gwajin maleriya ya nuna babu, kada a yi ta ɗura masa maganinta, a kai shi asibiti da wuri.

Wanda ya ji wani abu daga bakin kakanninsa a kan shekarar Marisuwa, musamman yadda ta kasance a wannan yanki namu, don Allah ya rubuta ya ajiye kafin masu labarin su ƙare. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu dace. Wassalam.